Kyamara a Kunne

Saura minti arba'in a fara, Rachida ta sake goge fuskar kwamfutar da gefen mayafinta, ko da yake babu abin gogewa.

Tun safe ake tsuga ruwa a unguwar Nzeng-Ayong, a ƙasar Gabon. Ta sauke ƙofar shagon wayoyin, ta ja tebur zuwa ɗakin baya, inda ƙarar taksi ba ta kaiwa sosai. A ɗakin nan, tsakanin kwalayen caja da batura, ta cinye wata goma sha takwas. Karatun cikon digiri ne a fannin kwamfuta, irin wanda mai difloma ke yi ta intanet ya kai lisans, wato digirin farko. Mai saye ya shigo ta tashi, ya fita ta koma kan darasi.

Yayanta Nafiou ne ya kawo ta daga Garwa. Shagon nasa ne, kwamfutar tasa ce, katin zamanta a Gabon ma yana jakarsa, wai don kada ya ɓata. Makaranta ɗaya suka yi difloma. Shi ya samu aiki a wani kamfanin jiragen ruwa a unguwar Glass, inda aka fara sallamar marasa lisans. Ita ta samu tsaron shago. Ranar da aka yi rajistar karatun, Inna ta kira daga gida ta ce, "Ki riƙe yayanki, Rachida. Ba mu da kowa sai shi."

Ta kuwa riƙe. Ba ta taɓa fashin darasi ba, ba ta kuma taɓa buɗe baki a aji ba. Duk tambayar da aka yi, a rubuce take amsawa. Da malamai suka matsa, ta rubuta cewa makirufon ya lalace.

Aikin kammalawa kuwa daga zuciyarta ya fito: manhaja ce da ke karanta takardun makaranta da na asibiti, ta faɗe su da Hausa ko Fulatanci ga matan da ba su iya Faransanci ba. Gida-gida ta bi a unguwar Sotega tana ɗaukar muryoyinsu. Madam Ndong, mai duba aikin, ta aiko saƙo cewa ba ta taɓa ganin irinsa ba, kuma akwai gurbi a ƙungiyar bincikenta ga wanda ya rubuta shi. Rachida ta karanta saƙon sau uku, ta rufe, ta fita ta sayar wa wani mutum katin waya.

Yau ce ranar kare aikin a gaban malamai uku. Sharaɗi ɗaya aka ja wa layi: dole kyamara ta kasance a kunne.

Nafiou ya shigo yana karkaɗe lema, sanye da kwat ɗinsa mai ruwan toka. Hutun yini ya ɗauka saboda wannan. Ya tsaya a kanta.

"Idan suka tambaya yadda ake kare sirrin matan fa?"

"Muryoyin ba sa barin wayar, Yaya. A cikinta ake sarrafa komai."

"Sake faɗa. A hankali."

Ta maimaita. Ya gyaɗa kai, leɓunansa na motsi.

Saura minti biyu. Ta shigar da lambar sirri. Maɓallin kyamarar na ƙarƙashin yatsarta. Ta tuna Inna, ta tuna katin da ke jakar nan, ta tuna gurbin Madam Ndong. Dannawa ɗaya ce kawai. Ta daɗe tana kallon maɓallin.

"Rachida," in ji Nafiou, can ƙasa-ƙasa. "Don girman Allah."

Ta janye hannunta. Ta miƙe, ta gyara wa Nafiou kujerar, ta zagaya bayan kwamfutar ta tsaya jikin bango, riƙe da takardun da ta rubuta amsoshi da manyan baƙaƙe. Nafiou ya zauna, ya danna maɓallin. Daga inda take ba ta ganin malaman, su ma ba sa ganinta. Murya kawai ta ji, muryar Madam Ndong cike da murna:

"A ƙarshe dai! Barka da zuwa, Malam Nafiou. Yau mun ga fuskar ɗalibinmu da ya fi kowa."