Tulun da Ya Ƙi Fashewa

Bisa al'adarsu, ya zagaya tarin itacen da za a ƙona gawar mahaifinsa, tulu a kafaɗa, ko nauyinsa ba ya ji.

"Sake shi ta baya, ɗana," in ji baffansa. "Sai ya fashe mamaci yake rabuwa da mu."

Ya saki. Tulun ya bugi dutse, ya mirgina, ko tsagewa bai yi ba.

Tulun ginin mahaifinsa ne. Shekara da shekaru tsohon yana cuɗa yumɓu da wata farar ƙasa, wai ƙwayoyinta bututu ne da ido ba ya gani, za su hana tukunya fashewa. Duk garinsu Khurja dariya ake yi masa.

Ɗan ya daɗe yana kallon tulun.

"Baffa, Baba ya yi nasara fa," ya ce. "Wa zai gaya masa?"