Barkono a Tafin Hannu

"Ajiye barkonon nan. Ka haukace ne?"

"Ƙyale ni, Umma. Tun da na bar shagon ɗinkinsa Baba bai ce mini uffan ba. Amma ko baƙo ne ya yi atishawa a titi, sai ya yi masa addu'a."

Na shaƙa, na nufi falo idona na zubar ruwa. Yana zaune, rediyo a cinya. Atishawar ta zo har da tari.

"Alhamdu lillahi," na ce da ƙarfi, na tsaya jiran yarhamukallahu.

Leɓensa ya motsa don sabo. Sai ya cije shi, ya ƙara wa rediyon murya.

Umma na bakin ƙofa, kanta a sunkuye.

"Umma, ko bai ji ba ne?"