Ranar da Kakana Ya Hana Ɗansa Kogi

Kakana ne Sarkin Ruwa a Wudil zamanin da arzikin man fetur ya shigo, lokacin da motoci ke tsayawa bakin gada suna kwasar kifi zuwa Kano. Wata rana bayan azahar na bi shi kogi, ina yarinya ƙarama. Tun daga kan yashi wani wari ya doki hancinmu, irin na maganin feshin gona. Ga ƙananan kifaye birjik a saman ruwa, duk sun mutu.

Baffa Sule, ƙanin babana, yana cikin kwalekwale yana kwasar manyan.

"Kai ka zuba magani?" in ji Kaka.

"Baba, yanzu kowa haka yake yi. Masu motoci ba sa jira."

"Fito. Kai da kogin nan sai baɗi."

"To iyalina fa, Baba?"

"Su zo gidana su ci. Wanda ya kashe 'ya'yan kifi, irin shuka ya cinye."

Ya cire rawaninsa ya miƙo mini, ya shiga ruwa har ƙirji da tsufansa, yana tsince matattun don kada wani ya kai su kasuwa. Masuntan da ke tsaye suna kallo suka bi shi. Kafin la'asar sakaliya an binne kifin duka, kwalekwalen Baffa kuwa an kife shi a ƙofar gidan Kaka.

Yau sana'ata suyar kifi. Duk masuncin da ya kawo mini wanda bai kai tafin hannu ba, ko tayawa ba na yi. Suna cewa na cika taurin kai. Na san inda na gado shi.