Tagulla a Ƙusa

Gudrun, mai kula da injin wurin, ta kwashe tagullun da ke rataye a allo ta zuba a aljihu, tana tsaki. Italiyawan nan huɗu da suka gama aikinsu jiya sun koma gida sun bar nasu, kamar yadda baƙi suka saba.

Dokar wurin ɗaya ce. Duk mai shiga Tukunya sai ya rataya 'yar tagulla mai sunansa a ƙusa, in ya fito ya cire. Muddin akwai ko guda a allo, ba a tayar da injin zuƙe iska. Tukunya kuwa ƙaton ɗakin ƙarfe ne cike da tudun jan yashi. Ana zuƙe iskarsa, a sanyaya shi, har ya koma kamar doron duniyar Mars. Masana daga ƙasashe goma ke bin layinsa a nan Denmak, kowa da kwanakinsa.

Yau ranar Dokta Maite ce, 'yar Sifen, wadda ta jira shekara biyu don gwada 'yar motarta mai tona ƙasa.

"Ina maigidan naki mai manjagara?" in ji Maite. "Ya daidaita mini yashin?"

"Tun jiya. Yau yana wurin likitan haƙori. Torben da tsoron allura, sai dai a kawo mini shi a sume."

Aka yi dariya. Gudrun ta leƙa ta ƙaramar tagar. Tudu, mota, jan yashi. Bayan tudun ba ya ganuwa, dama ba ya taɓa ganuwa. Ta dubi allo, wayam. Ta ce da sunan Allah a ranta, yadda take yi shekara goma sha tara, ta danna maɓallin da ke datse ƙofa, ta tayar da inji.

Allurar ma'aunin iska ta fara sauka.

A kan tebur akwai kofin kofi, ɗan tururi na tashi. Ta ture shi gefe. Baƙi ba su san tsafta ba.

Can sai ƙarfe ya yi ƙara. Ƙwan. Ƙwan. Ƙwan.

"Mene ne wannan?" Maite ta zabura.

"Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Tsohuwar Tukunyar ce ke gunaguni. In sanyi ya kama ta haka take."

Ƙarar ta sake zuwa, a hankali wannan karon. Sau biyu. Sannan sau ɗaya. Daga nan Tukunya ta yi tsit, sai gurnanin inji.

Wayar ofis ta yi ƙara. Wata mace ce daga wurin likitan haƙori, tana tambaya wace rana za a sake ba Torben, tunda ya bugo da safe ya ce ba zai zo ba, akwai gefen yashin da bai yi masa daɗi ba, zai koma ya gyara.

Gudrun ta ajiye wayar. Hannunta ya tafi aljihu da kansa. Ta juye tagullun a tebur, kusa da kofin da ya riga ya huce.

Italiyawan su huɗu ne. Tagullun biyar.