Rabon Maigida

Likita ta taɓa babban yatsan ƙafar mijina da ya kumbura, sai ya saki ƙara.

Ta ce, "Mama, sinadarin yurik asid ne ya taru a jininsa. Ga ƙwaya, kullum ɗaya. Ya bar hanta da ƙoda da kayan ciki. Wa ke ba shi su?"

Na sunkuyar da kai. Shekara talatin, duk ranar da ya dawo daga tike, kasuwar shanun Mubi, ni nake tsame masa su daga tukunya. Na hana yara, na hana kaina.

Na ce, "To me zai ci?"

"Zogale, rama, yakuwa."

Abincina ke nan tun aurenmu. Ashe lafiyar na ajiye wa kaina, ciwon nake zuba masa a kwano.