Ɗakin da Aka Gina a Kan Tsohon Masai

Kai da ka zo neman shawara amma kake ba ni labari rabi da rabi, gyara zama in ba ka wani misali.

An yi wani mai sayar da yadi, mutum mai gudun abin kunya, irin wanda ko bai karya kumallo ba sai rigarsa ta sha guga. Da mahaifinsa ya rasu a ƙauye, sai ya ce zai ɗauko tsohuwarsa ta zauna wurinsa a birni. Madalla da wannan. To gidan nasa matsattse ne, fili ɗaya ya rage can kusurwa, inda wani tsohon masai yake, wanda ya cika aka rufe tun zamanin masu gidan na farko. Gaggawa ta ci shi. Ya sa aka ƙara tura shara da ɓaraguzai, aka daddanna sama-sama, aka ɗora bulo, aka zuba daɓen siminti sumul har tsakar gida. Ɗaki ya yi kyau, wallahi. Tsohuwa ta zo ta sa albarka, aka kafa mata gado jikin bangon kusurwar. Shi kuwa ya ɗinke bakinsa, don ina zai sa kansa a ce ya ajiye uwarsa a kan masai?

Ƙasa kuwa ba ta san kara ba. Damina na zuwa daɓen ƙofar ɗakin ya lotsa, ruwa ya riƙa kwanciya a wurin har kaji na sha. Daga nan tsaga ta taso daga gindin bango tana hawa. Sai ya kira magini ya ce, ai 'yar tsaga ce, a shafe. A shafe, a yi fenti, wata daminar ta buɗe fiye da da. Har ta kai ƙyauren ɗakin ba ya rufuwa sai an ɗaga shi. Mutumin nan tsoro ya kama shi sosai. Hadari na haɗowa, ko yana kasuwa hankalinsa na kan bangon nan da kan wadda ke kwana a gindinsa. In ya ce ta sauya ɗaki, dole sai ya faɗi dalili. Ga shi shi ne ɗanta na fari, ba ta ko kama sunansa, balle su zauna su yi doguwar magana.

Ana nan ya ɗauko wani dattijon magini. Dattijo ya buga daɓen da dunduniya, ya ji yana amsawa kamar ƙwarya a kife. Ya ce, "Alhaji, da can me ke nan wurin?" Mai yadi ya kau da kai ya ce ƙasa ce kawai. Dattijo ya ce to, in ƙasa ce kawai ciko ya isa, ya jawo buhu zai fara kwaɓi. Sai muryar tsohuwa ta fito daga bayan labule.

"Mai gini, kada ka ɓata simintinka. Tsohon masai ne. Tun makon da na zo matan unguwa suka faɗa mini. Na yi shiru ne don kada wancan ya ji kunya, na san don ni ya yi. Amma yanzu jikokina a nan suke kwana, shirun ya ishe ni."

Kai! Mai yadi ya rasa inda zai sa fuskarsa. Dattijo ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Haba Alhaji, rabin unguwar nan a kan irinsa take zaune. Yanzu ne ma na san aikin da zan yi." A ranar aka kwashe tsohuwa da yara da kayansu. Aka tokare bango da azara, aka fasa daɓen, aka sa diga da cebur. Abin da aka gani, Allah ya kiyaye. Sharar nan duk ta ruɓe ta zauna, ƙarƙashin harsashin ginin rami ne fayau, har mutum zai iya tsugunawa a ciki, daidai inda kan gadon tsohuwa yake. Bangon ikon Allah kaɗai ke riƙe da shi. Mai yadi ya leƙa sau ɗaya, ya zauna a ƙasa da gogaggiyar rigarsa yana hawaye, ba abin da yake maimaitawa sai alhamdu lillahi.

Aka yashe ramin har aka taɓo jar ƙasa mai tauri. Aka riƙa zuba dutse da marmara, a yayyafa ruwa a daka, a ƙara a daka, sannan aka sa rodi aka zuba kankare ƙarƙashin bangon, aka sake daɓe mai gangara yadda ruwa zai bi rariya ya fita. Da aka gama, ya je ya durƙusa a ƙofarta yana neman gafara, yana godiya da ta buɗe bakin da shi ya kasa buɗewa. Tsohuwa ta juya fuska gefe, ta ce wa matarsa, "Ki ce masa ya tashi, Allah ya yi masa albarka." A daminar nan aka yi ruwan da ya kayar da katangu a unguwar, ita kuwa tana ɗakinta da jikoki suna barcinsu.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.