Rami na Bakwai

Ramuka huɗu Mashud ya haƙa a wata gonar rake a Panyu, kusa da birnin Guangzhou na ƙasar Sin, bai samu komai ba sai laka da wata ƙusa mai tsatsa.

A shekarar 1998 ne. Wani kamfani ya sayi gonar zai gina benaye, amma sai masu binciken kayan tarihi sun tona ramukan gwaji tukuna. In an ga wani abu, a dakatar da gini. In ba a gani ba, katafila ta shigo. Kwana ashirin aka ba Farfesa Liang da ɗalibansa.

Mashud ɗan zangon Kumasi ne, shekararsa shida yana karatu a Guangzhou a hannun Farfesa Liang. Kundin digirinsa ya tsaya cak don bai taɓa tono wani abin kirki da hannunsa ba, ga shi tallafin karatunsa zai ƙare a ƙarshen shekara.

Issa kuwa, ɗan Maradi, bara ya zo karatu. Mashud ne ya tarbo shi a filin jirgi, ya koya masa cin shinkafa da tsinke, ya nuna masa inda ake sayar da naman halal. Yau ga Issa, duk inda ya kafa cebur sai ƙasa ta ba shi wani abu: fasasshen tulu, tsohon kwabo mai huda a tsakiya. Dokar aikin kuma ita ce, abin da ya fito daga rami na wanda sunansa ke kan ramin ne a littafin Farfesa. Duk lokacin da Farfesa ya dafa kafaɗar Issa, sai Mashud ya ji kamar an zuba masa garwashi a ƙirji.

Sau biyu Mashud yana tarar da Issa da Farfesa suna magana ƙasa-ƙasa, da sun hango shi su yi shiru.

Saura kwana uku aka bugo wa Issa waya cewa mahaifinsa ba lafiya. Kafin ya tafi ya zo wurin Mashud da murmushinsa.

"Yaya, ka ƙarasa min rami na bakwai. Ka fara ta kusurwar gabas."

Mashud ya amsa da to, yana cizon leɓe. Wato har ya koma lebura.

Washegari da rana, sauran sun tafi cin abinci, ya sauka ramin shi kaɗai. Ƙasar kusurwar gabas ba ta da tauri ko kaɗan. Kankara uku ya yi da cokalin magina ya ji ƙarar tubali. Ya share da burushi. Tubala ne masu zane, an jera su sun lanƙwasa kamar bakan gizo: rufin tsohon kabari, irin wanda ya shekara shida yana gani a littattafai kawai.

Ya durƙusa. Sai ya ɗaga kai ya ga allon da ke bakin ramin, da sunan Issa a jiki. Ya hango Issa a jarida, ya hango kansa a tashar motar Kumasi hannu rabbana.

Ya ɗauki cebur ya mayar da ƙasar, ya tattaka ta da takalmi har ta yi daidai da sauran. A takardar rahoto ya rubuta babu komai, ya sa hannu. Farfesa ya karanta, ya girgiza kai, ya ce masa ya yi haƙuri. Mashud bai tsaya tambayar haƙurin me ba.

Bayan mako guda katafila ta shigo. Kafin wata ya cika an zuba kankare a kan gonar baki ɗaya.

Wata Juma'a bayan an sallame, wani ya rungume shi ta baya a ƙofar masallaci. Issa ne, jiya ya sauka, mahaifinsa ya warke.

"Yaya, ba ni labari! Me aka tarar a cikin kabarin?"

Mashud ya ce, "Wane kabari?"

Issa ya yi dariya. "Haba Yaya, ni za ka ɓoye wa? Ai ni na fara ganin tubalan, na yayyafa musu ƙasa ban faɗa wa kowa ba, don kai ka gano su. Da ƙyar na shawo kan Farfesa ya mayar da ramin da sunanka a littafinsa kafin in tafi."